Mai Askin Da Sifaniyanci Ya Sa Ya Faɗi Gaskiya

Akwai wani mai aski da ake kira Baba Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa. A cewarsa, ya taɓa yi wa zaki aski, zakin ma ya ce a rage masa gefe.

Abu ɗaya ne ke kashe masa baki: jikarsa 'yar shekara shida, wadda aka haifa a ƙasar waje, ba ta jin komai sai Sifaniyanci. In an kira ta a waya, sai ta kalle shi, ta ɗaga hannu, ta gudu.

Da ya ji za su zo ita da uwarta, wato 'yarsa, nan da wata huɗu, sai ya shiga ajin wata malama mai koyar da Sifaniyanci.

"Mako guda ya ishe ni," ya ce mata. "Baki ne sana'ata ta biyu."

Malamar tana da ƙa'ida: kafin a fara darasi, kowa sai ya faɗi abin da ya yi jiya da Sifaniyanci. Baba ya miƙe da niyyar cewa ya yi kokawa da kada. Ya lalubi kalmomi, babu. Da ƙyar ya haɗa: "Na ci. Na yi aski. Na yi barci."

Da matarsa ta ji labari sai ta ce, "Malam, shekara arba'in muna tare, yau ka fara faɗin gaskiya. Allah ya saka wa malamar nan."

Abin ya yi masa ciwo, amma bai daina zuwa ba. Ya manna takardu a madubin shago: a dama, yadda ake cewa "na yi", a hagu, yadda ake cewa "a da nakan yi". Sai ya aske rabin kan mutum sannan ya fara bita, don ya san mai rabin aski ba ya gudu.

Ranar da suka iso, yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta. Baba ya durƙusa. Zaki ya ɓace masa, kada ma haka. A hankali ya ce da Sifaniyanci, "Mamanki, tana ƙarama, takan ji tsoron kaji. Wata rana zakara ya bi ta. Ta haye kujerar askina."

Yarinyar ta leƙo. "Sai me ya faru?"

"Ta yi kuka. Zakaran ya zauna yana jira."

Ta tuntsire da dariya, ta zo ta haye cinyarsa.

Uwarta ta riƙe baki. "Baba, wato don ka tona min asiri ka koyi yaren?"

Kafin su koma, zakin ya dawo cikin labari, da Sifaniyanci. Har ya zama zakuna uku.

Darasi: Cika baki ba ya koya wa mutum komai, mai haƙurin a yi masa dariya a aji shi ke samun abin da ya je nema. Ku tura wa wancan abokin naku da shi ma ya taɓa aske zaki.