Molon Barmo da Waƙar Rafin Kanya

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta gagari wata tsohuwa, in ji yadda ku za ku yanke ta.

Sunan tsohuwar Tumba, matar Barmo Mai Molo. Su mutanen Rafin Kanya ne, garin da ruwa ya ci sa'ad da aka gina madatsa. Aka kwashe jama'a, wasu suka yi gabas, wasu suka yi yamma, maƙwabcin jiya ya koma sai an yi tafiyar yini kafin a gan shi. Tun daga nan Barmo ya ɗauko wata waƙa da ya ce ita ce bakandamiyarsa. Gida-gida yake bin garin a cikinta. Ya fara daga ƙofar gabas, yana ambaton mai gida da sana'arsa da itacen da ke ƙofarsa, har mai sauraro ya rufe ido ya ji kamar yana zaga garin da ƙafarsa.

Sai dai Barmo, Allah ya jiƙansa, akwai taurin kai. Ba ya saka gida a waƙa sai ya je ya zauna da ɗan gidan ya ji daga bakinsa. Kuma ya hana a ɗauki waƙar a kaset, ya ce sai ya kai ƙarshen gari. Ita kuwa Tumba gidan ubanta yana Unguwar Masaƙa, can ƙarshen yamma. Shekara da shekaru tana jira, kewar gida tana cinta. Takan ce, "Maigida, yaushe za ka iso gidanmu?" Shi kuma ya ce, "Ina hanya, Tumba. Yanzu nake ratsa kasuwa."

Ya iso marina, saura unguwa ɗaya, ciwon ajali ya kama shi. Ya tara yaransa na kiɗa ya ce, "Molona na wanda ya kai waƙar nan gidan su Tumba." Daga nan murya ta ɗauke, bayan 'yan kwanaki ya cika. Tumba ta rataye molon a ɗakinta. Ba wani abu take roƙon Allah ba sai ta ji an ambaci gidansu kafin ta bi mijinta.

Labbo shi ne babban ɗan amshi. Tunda ba kaset, duk abin da Barmo ya rera a kansa kaɗai ya rage. Sauran 'yan amshi suka watse neman abinci, shi ya ƙi bin kowane mawaƙi, don kada sabuwar waƙa ta ture tsohuwa. A gona yake maimaita ta yana noma, har mutane suka fara cewa ya taɓu. Gida ko ɗaya bai zube masa ba.

Jaɓɓi kuwa shi ne mai kalangu, kuma shi ya yi jinyar Barmo. Bayan muryar ta ɗauke, ya lura yatsun maigidan suna ta bugun gefen gado. Kowa ya ɗauka zafin ciwo ne. Jaɓɓi ya gane kiɗan unguwar ƙarshe ne, wani sabon salo mai sanyi da ba a taɓa ji ba. Ya ɗauko kalangu yana mayar masa a hankali, in ya kuskure Barmo ya girgiza kai, har ranar da ya gyaɗa. Kiɗa ya samu, amma babu kalma ko ɗaya a kansa.

Na ukun Hantsi ne, shi ma yaron Barmo, wanda murya ta yi wa kyau. Shi ya ɗauki jakarsa ya bi Masaƙa duk inda suka watsu, yadda maigidansa yake yi. Ya kwana a tasha, ya kwana a masallaci, ya zauna da tsofaffin da wasunsu ba su ƙara damina ba bayan tafiyarsa. Ya dawo ya ɗora maganarsu a kan kiɗan Jaɓɓi, ya haɗa da inda Labbo ya tsaya. Su uku suka tafi gidan rediyo a birni, aka ɗauki waƙar tun daga ƙofar gabas har ƙarshen gari.

Suka kawo wa Tumba kaset ɗin, aka kunna mata a tsakar gida. Ta bi waƙar unguwa-unguwa tana gyaɗa kai, har aka wuce marina. Kiɗa ya sauya, nan take ta gane hannun mijinta ne. Aka ambaci ubanta Jatau masaƙi, aka ambaci uwarta tana kaɗi a ƙofar ɗaki tana kiran 'yarta, "Ta-Allah! Ta-Allah!" Sunan da ake kiranta da shi ke nan tana yarinya, ko Barmo bai san shi ba. Tsohuwar nan ba ta san sa'ad da ta ce wa rediyo "Na'am, Inna" ba. Sai hawaye.

Da ta natsu ta shiga ɗaki ta sauko da molon, ta fito ta tarar da su ukun durƙushe, kowa ya sunkuyar da kai. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Molo ɗaya ne, wasiyya kuma wasiyya ce.

To, jama'a, Labbo ya riƙe, Jaɓɓi ya ji, Hantsi ya nemo. A hannun wa Tumba za ta sa molon Barmo?