Irin da Ya Kwana Uku a Ruwa

"Malam, shanya shi kawai ka miƙa masa. Wa zai gane?"

"Ni na gane, Tabawa."

"To, kai ka gane. Yaran nan fa, ganewarka za su ci?"

Ku saurara. An yi wani mutum a wani gari na bakin fadama, sunansa Sallau, kuma wannan gardamar da matarsa yake yi. Manomin shinkafa ne, ba shi da komai sai abu ɗaya da ya iya: jiƙa iri. Ya zuba shi a ruwa kwana guda, ya tsame, ya baza a inuwa ya sha iska, sannan ya shuka. Kafin na mutane ya motsa, nasa ya fito, tsiro mai ƙarfi, ya riga ciyawa tashi.

Maƙwabcinsa Barau ya sha yi masa dariya. "Mai yi wa shinkafa wanka," haka yake kiransa. A wata shekara damina ta makara, Barau ya tsorata, ya kawo ɗan irin da ya rage masa.

"Jiƙa min, tunda ka iya."

Sallau ya jiƙa tukunya biyu, tasa da ta Barau. Ranar aka aiko yayansa ya rasu a ƙetaren kogi. Ya tafi, kogi ya kawo, sai da ya kwana uku. Tabawa ta tsame nasu. Tukunyar Barau tana bayan rumbu, ta manta da ita. Da ya dawo ya buɗe, tsami ya buge shi. Iri ya mutu.

Ku lura, jama'a. Mataccen iri in ya bushe, ido ba ya rarrabe shi da mai rai. In an miƙa masa shi haka, Barau zai shuka, ya ga shiru, ya zagi tsuntsaye. Shi ke nan.

Bayan waccan gardamar da Tabawa, Sallau ya ɗauki nasa mai kyau, ya kai wa Barau.

"Naka ya lalace a hannuna. Ga nawa."

"Dama na san za a rina," in ji Barau. Ya karɓe, ko sannu babu.

Kuna jira in ce arziki ya sauko wa Sallau? Bai sauko ba. Gonar Barau ta yi kore shar. Ta Sallau ciyawa ta cinye. Da kaka, ƙwadago ya yi a gonar Barau, yana yankan shinkafar da shi ya jiƙa irinta. Tabawa ta daɗe ba ta sakar masa fuska ba.

Amana ke nan. Ba ranar da ake kallonka take ba, tana ranar da babu mai ganewa. Kuma ba kullum ake biyanta a nan duniya ba.

Kowannenmu akwai tukunyar wani a bayan rumbunsa. In ka buɗe ka ji tsami, babu kowa a wurin, yaranka suna tsakar gida, wane irin za ka kai masa?