Gungumen da Nomau Ya Ƙi Faskarawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da tuwo ba ya dahuwa sai da itace, babu risho balle gas. Sunansa Nomau, sana'arsa faskare. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ko a masallaci sahun baya yake tsayawa don kada warin guminsa ya dami mutane. Wani bawan Allah ne dai, tsoho, siriri, da gatarinsa a kafaɗa, yana bin lungu-lungu yana kiran, "Faskare! Faskare!"

Ku saurara da kyau, don labarin nan ba na dariya ba ne. Ni kaina duk ranar da na ba da shi sai na wuni zuciyata ba daɗi.

Nomau yana da wata ɗabi'a da take ba masu gaggawa haushi. In ka nuna masa gungume, ba ya auka masa. Sai ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari, ya ɓamɓari ɓawon, ya sara sau ɗaya, ya ɗauki ɓarɓashin ya kai hanci. Sannan ya yi bisimilla. Kuma ƙanana yake faskarawa, daidai hannun mace, daidai bakin murhu. Mata suna son aikinsa. Maza kuwa, mu da ba mu ke hura wutar ba, cewa muke yana da nawa.

A garin akwai wani falke, Cindo, mai fataucin goro. Shekara tara da aure, shi da matarsa Dela ba su taɓa samun haihuwa ba. A ta goma Allah ya ba ta ciki. To kun san al'adarmu: tun cikin bai tsufa ba maigida yake tara itacen jego, don kwana arba'in za a yi ana dafa ruwan wanka safe da yamma, ana dama kunun kanwa, ana hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa don maijego da jaririnta su ji ɗumi. Namijin da itacen jegonsa ya ƙare kafin arba'in, ya shiga bakin mata ke nan har ya tsufa.

Ga shi haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin marka, lokacin da busasshen itace yake wuya. Sai Cindo ya ji labarin wani masassaƙi da ya rasu ya bar gumagumai uku a rumfarsa, waɗanda aka kawo masa daga kurmin kudu shekarun baya don ya yi ginshiƙai. Cindo ya je ya gani. Jajaye, masu nauyi, sun bushe ƙarau. Ya ce a ransa, wannan ai ƙirya ce, sarauniyar itace, garwashinta sai ya wuni bai mutu ba. Ya saye su duka, aka turo su har ƙofar gidansa, ya riƙa kiran mutane suna zuwa kallo.

Saura faskare. Dela ta aiko daga cikin gida a kira Baba Nomau. Amma akwai wani mai faskaren da ake yayi a lokacin, Arzika, ƙato, ƙirjinsa kamar turmi, yana sara yana waƙa, kafin azahar ya tara maka tuli. Cindo ya ce, "Gumaguman nan ba na wasa ba ne. A kira min su duka biyun, in gani da idona in zaɓa."

Suka zo da hantsi. Saboda girma aka ba Nomau fari. Ku sani, kwana uku ke nan ana ruwa, bai samu aikin ko reshe ɗaya ba, gidansa kunu ake sha ba a tuƙa tuwo. Ga aikin mako guda a gabansa.

Ya zagaya gungumen. Ya ƙwanƙwasa. Ya ɓamɓari ɓawo, ya sara sau ɗaya, ya kai ɓarɓashi hanci. Sai atishawa. Ya yi, ya sake, ya sake, har hawaye suka zubo masa. Ya jingine gatarinsa a bango.

Ya ce, "Maigida, wannan ba ƙirya ba ce."

Cindo ya ce, "To mece ce, Baba?"

"Gwaska ce. Ina saurayi na yi shekara shida ina sara a kurmi, na san ta. Itacen dafi ne. Mutanen can suna gini da ita, amma ban taɓa ganin sun yarda an hura ta a ɗaki ba. Balle ɗakin maijego, ƙofa a rufe, ga jariri."

"To ka faskara mana, a riƙa hurawa a tsakar gida."

Nomau ya girgiza kai. Ya ce, "Marka ake yi, maigida. Ranar da ruwa ya sauko, ɗaki za a kai wutar, kuma ba wanda zai tsaya tantance wannan da wancan. In na faskara, da hannuna a ciki. Ka yi haƙuri. Ka ba ni kwana huɗu, in bi maka gidajen da na sani, za a samu marke da ƙirya ko da kaɗan-kaɗan ne."

Jama'a, ku dubi wannan wuri. Da ya yi shiru ya sara, wa zai kama shi? Babu. Ya ci tuwo, iyalinsa su ci. Amma bawan Allah ya zaɓi yunwa a kan ya rufe baki.

Shi kuwa Cindo, abin da ya ji daban. Bai ji "jariri" ba. Abin da kunnensa ya ji shi ne, "An cuce ka, falke guda ba ka san itace ba," kuma a gaban mutanen da ya tara kallo. Ya juya wajen Arzika, ya ce, "Kai fa, me ka gani?"

Arzika ba mugu ba ne, kada ku zalunce shi. Bai taɓa fita garin ba, bai san gwaska ba, kuma yana son aiki. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari, ya kai sara, gungume ya yi ƙara ya tsage. Shi ma atishawar ta kama shi. Ya goge hanci ya yi dariya, ya ce, "Murar damina ce, maigida. Itace ai itace ne, wuta ba ta tambayar sunansa."

Aka fashe da dariya. Cindo ya ce, "Ka ji maza. Baba, in gungume ya fi ƙarfinka, ka ce ya fi ƙarfinka, ba sai ka yi wa itacena sharri ba." Nomau ya saɓa gatarinsa, ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya," ya tafi.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma Cindo ya ɗauki labarin ya kai kasuwa, ya kai majalisa, yana kwaikwayon atishawar tsoho ana dariya. Kafin mako guda gari ya ɗauka cewa Nomau ya tsufa, in ya ga itace mai tauri sai ya ƙaga masa ƙarya. Gidajen da suka saba kiransa suka daina. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka, wannan gaɓar taka ce: baki yana kashe sana'ar mutum fiye da yadda fari yake kashe gona.

Dela ta haihu ranar wata Lahadi, ɗa namiji, lafiyayye. Aka yi guɗa. Washegari, zaure cike da 'yan barka, sai ga Nomau da dami a ka. Busasshen marke ne, wanda ya ajiye don girkin gidansa, ya faskara shi ƙanana. Ya sauke a bakin zaure, ya durƙusa ya yi barka, sannan ya matso kusa da Cindo ya rage murya.

"Maigida, ga wannan, a riƙa sa wa gadon maijego. In ya ƙare zan kawo wani. Don girman Allah, wancan kada ya shiga ɗaki."

Da Cindo ya karɓa a asirce, ba wanda zai sani. Amma girman kai ba ya son asiri. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku ji, tsohon nan bai haƙura ba! Aikin ne har yanzu yake yi maka ciwo? Ni za a kawo wa sadakar itace ranar barkan ɗana? Ɗauki kayanka."

Nomau ya ɗauki daminsa. Itace guda biyu suka zube, bai tsaya tsinta ba. A hanya ya yi tunanin ya tura matarsa ta shiga cikin gidan ta gaya wa mata, tunda shi namiji ba ya shiga. Sai ya tuna dariyar zauren nan. Ya ce a ransa, na faɗa sau biyu, na fita haƙƙinsu, kada a ce kwaɗayi ne yake kai ni. Bai tura ta ba.

Ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Aka mai da wuta ɗaki, aka saki asabari. Mata suka fara ƙorafin ciwon kai, duk wadda ta hura wutar sai idonta ya yi ja. Dela tana tari. Aka gaya wa Cindo, ya ce kowane itace hayaƙi yake yi da marka. Kwana na huɗu jariri ya ƙi kama nono, numfashinsa yana fita da ƙyar. Unguwarzoma ta shigo, ta shaƙi ɗakin, ta ce a fitar da wutar nan yanzu-yanzu. Aka fitar. Kwana na biyar da hantsi yaron ya koma, saura kwana biyu a raɗa masa suna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ba zan zauna nan in ce muku hayaƙi ne ya kashe shi ba. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, kuma Shi kaɗai ya san sababi. Amma ku je ku gaya wa Cindo haka, ku ga ko zuciyarsa za ta karɓa.

Aka tafi haƙa kabari. Kun san ana buƙatar itacen da za a jera a kai kafin a zuba ƙasa. Wani ya nufi tulin da ke ƙofar gida zai ɗebo, tunda shi ne a kusa. Sai aka riƙe masa hannu. Nomau ne. Ba wanda ya aika masa, ya ji ne kawai ya taho.

Ya ce, "Bar wannan, ɗana. Kada uban yaro ya ga an rufe ɗansa da shi, abin zai zauna masa a ido har abada."

Ya kwance damin da ya zo da shi, ya zauna gefe ya daidaita guntayen da gatarinsa, gajeru-gajeru, don kabarin bai fi kamu uku ba. Da su aka rufe.

Da aka watse, Cindo ya tsaya ya kasa tafiya. Ya nufi tsohon zai yi masa magana. Kafin ya fara, sai Nomau ya durƙusa a gabansa cikin taɓo.

"Maigida, ka yafe mini."

Cindo ya ce, "Ni? Ni zan yafe maka, Baba?"

"Na san abin da na sani, kuma na san hanyar da zan bi maganar ta isa kunnen mata. Ban bi ba. Kunyar a sake yi mini dariya ta hana ni. Na fifita fuskata a kan numfashin yaro. Ka yafe mini, ka roƙar mini uwarsa."

Nan Cindo ya zube ƙasa yana kuka kamar ba falken da ya keta dazuzzuka ba. Wanda ya kamata ya nemi gafara an riga shi. Daga baya ya bi kasuwa da majalisa yana wanke sunan tsohon, aiki ya dawo wa Nomau. Amma su Dela ba su sake samun haihuwa ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Na farko, mu masu ba da aiki. Dukanmu Cindo ne. Ka kira magini ya ce harsashin nan ba zai ɗauki bene ba, sai ka sallame shi ka nemo wanda zai ce zai ɗauka. Bakanike ya ce birkin nan a canja shi, ka ce yana son cin kuɗinka, ka ɗebi iyalinka ka hau hanya. Muna zaɓen mai faɗin abin da muke so, muna korar mai faɗin abin da yake akwai. In ma'aikaci ya ajiye kayan aikinsa ya ce ba zai yi ba, alhali ka san yana da buƙata, to ka tsaya ka saurare shi, don ba a banza mai yunwa yake ture akushi ba.

Na biyu, ku masu sani. Kun ga tsohon nan ya faɗi gaskiya sau biyu, ya yi asara a kanta, amma har ya bar duniya yana nadamar ta ukun da bai faɗa ba. Mu fa? Sau ɗaya muke faɗa, ciki-ciki, in an harare mu mu ce mun fita. In abin da ka sani ya shafi ran wani, ka faɗa, ka sake faɗa, ka nemi wata ƙofar ka faɗa. Dariyar da za a yi maka kwana biyu ce, kabari kuwa ba a tone shi.

Kowa a cikinku akwai mutumin da ya taɓa gaya masa gaskiya ya wulaƙanta shi. Ka san shi, yanzu ma ya faɗo maka a rai. In yana da rai, kada ka ci tuwon yau sai ka je ƙofarsa.

Allah ya ba mu kunnen jin gaskiya daga bakin wanda muka raina, ya ba mu ƙarfin maimaita ta ga wanda ya raina mu. Ku tashi, an kusa kiran salla.