Ramin da Injiniya Ya Kasa Tsallakewa

Akwai wani mutum wanda mahaifinsa ya ƙwace masa dukiyarsa tun yana ƙarami, shekara talatin da biyu kuwa bai mayar masa ba, bai kuma nemi gafara ba. Dukiyar dai gem ne na roba, irin wanda ake jonawa a talabijin, mai hannu biyu da kaset ɗaya.

Ran da abin ya faru, yaron ya kawo sakamakon makaranta ne wanda jan biro ya yi wa ado. Uban malamin firamare ne mai ƙarancin magana. Ya naɗe wayoyin gem ɗin, ya sa a adakarsa, ya ce, "Sai ka ci jarrabawa."

Yaron ya ci. Ya ci wadda ta biyo baya, da wadda ta bi ta, har ya zama injiniya. Ya gina gida a birni, ya auri wata mai suna Liyatu, aka haifa musu Keziya, ta girma ta tafi makarantar kwana. Gem kuwa ko labarinsa.

Da mahaifiyarsa ta rasu, sai ya je ƙauye ya ɗauko uban, gama ƙafafun tsohon sun fara ƙin bin umarni, ga kuma ciwon sukari. Tsohon ya zo da adakarsa, da talabijin ɗinsa mai doro, wadda sai ƙarti biyu suke iya ɗagawa. A falon ɗan kuwa akwai sabuwa manne a bango, faɗinta kamar ƙofar shago, kaurinta bai kai na faranti ba. Aka dubi falo, aka dubi mai doro, aka ga ba su dace ba. Aka kai ta ɗakin baya.

Tsohon ya bi ta. Ba wanda ya kore shi. Abinci na zuwa masa a kan lokaci, da magani, da gaisuwa safe da yamma. Tambaya ce kaɗai ba ta zuwa. In ya fito ya fara cewa wani abu a kan inda za a haƙa rijiya, ko a kan makarantar jikarsa, sai ɗan ya ce cikin ladabi, "Baba, ka huta, yanzu ba haka ake yi ba." Tsohon ya huta. Ya huta wata bakwai, har hutun ya ishe shi.

Wata Litinin da safe ya kira ɗansa, ya ce, "Injiniya, ran Asabar zan bi motar kasuwa in koma gida."

Ɗan ya dube shi. Ya san gidan da ake nufi: ba kowa a ciki, rufi na yoyo, asibiti kuma tafiyar rabin yini. Ya san idan Baba ya hau motar nan, zuwansa ƙauye na gaba na jana'iza ne.

"Baba, me muka rage ka da shi?"

"Ba komai. Akuyar Kirsimeti ma ba a rage ta da komai."

Liyatu ta zo ta durƙusa. "Baba, ko miyata ce?"

"Miyarki ba ta da laifi, 'yata. Likita ne ya hana gishiri, ba ke ba."

Suka yi roƙo, suka kira dattawan ikilisiya suka yi nasu. Tsohon ya gode wa kowa, ya ce ran Asabar dai.

Ran Laraba da hantsi mutumin ya zauna yana shirya wa uban adaka. Ƙarƙashin zannuwan marigayiya sai hannunsa ya taɓa roba. Ya jawo. Ga gem, ga kaset, ga wayoyi a naɗe. Amma maɓallan hannayen biyu duk sun suɗe, rubutun kansu ya goge, shi kuwa ya san da ƙyallinsu ya bar su.

"Baba, ai na ci jarrabawar."

"Cewa na yi sai ka ci jarrabawa. Ban ce wacce ba."

"To wa ya cinye maɓallan nan?"

Tsohon ya dubi silin. "Ɓera."

Mutumin ya kwashi kayan ya kai falo. Wayar gem na da kai uku, rawaya da fari da ja. Ya leƙa bayan sabuwar talabijin, ya ga huji iri iri, ba ko ɗaya da ya san waɗannan kawunan. Sai ya tafi kasuwa ya samo wani ɗan akwati mai karɓar maganar gem ya juya ta zuwa yaren da sabuwa take ji, wato dai tafinta. Ya jona. Ya hura kaset sau uku kamar yadda aka gada. Sai ga hoto ya cika bango: ɗan mutum yana gudu, gabansa ramuka, kiɗan nan na da yana tashi.

Ya danna. Ɗan mutumin ya faɗa ramin farko. Ya sake, ya faɗa. Sau tara yana faɗawa rami ɗaya.

Liyatu ta leƙo daga kicin. "Baban Keziya, ko a kira masa motar asibiti?"

"Ina ɗan shekara goma sha uku, ido rufe nake wuce nan."

"To rufe idon mana."

Sai ya ji ƙarar sanda a bayansa. Kiɗan ya jawo tsohon har bakin falo, inda ya yi wata uku bai taka ba. Ya tsaya ya kalli faɗuwa ta goma, ya girgiza kai, ya ce, "A ɗauko mini mai doro."

Mutumin da maƙwabcinsa suka ciccibo ta da nishi. Aka ɗora ta a kan tebur kusa da ƙofa, fuskarta na kallon kujerar Baba, doronta na kallon mai gida. Injiniya ya raba wayar gida biyu, ɗaya ta shiga mai doro kai tsaye, gama ita tana da hujin kowane launi, ɗaya ta bi ta tafinta zuwa sabuwa. Gem ɗaya, fuska biyu.

Ya miƙa wa uban hannun gem. Tsohon ya dubi yatsunsa da sanyin ƙashi ya lanƙwasa, ya ce, "Riƙe. Ni zan faɗa maka."

Ɗan mutumin ya kama gudu.

"Tsallake!"

Injiniya ya dubi bango, ya ga saura taku biyu a kai bakin rami. Ya jira. Ya danna a daidai lokacin da idonsa ya yarda. Ɗan mutumin ya faɗa.

"Jan biro," in ji Baba.

Aka sake. "Tsallake!" Idonsa na cewa tukuna, kunnensa na cewa yanzu. Ya cije leɓe ya danna. Ɗan mutumin ya tashi sama, ya dira a ƙetare. Liyatu ta rangaɗa guɗa da ludayi a hannu.

Sai suka juyo mai doro, suka jera ta ƙarƙashin sabuwa, suka duba. A mai doro ɗan mutumin ya riga ya kai bakin rami, a bango kuwa yana nan tafe. Sabuwa sai ta karɓi saƙo daga tafinta, ta goge hoton, ta shafa masa launi, sannan ta nuna. Jinkirin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma rami ba ya jiran ƙiftawar ido. Injiniya ya san wannan a littafi. A falonsa ne bai gane shi ba.

"Ashe kwalliya take tsayawa yi," in ji Liyatu.

Suka ci gaba. Bayan rami na uku sai ɗan ya ce, "Baba, tsaya, akwai ƙaya a ƙasa," gama a bango ta fito sarai, a mai doro kuwa ɗigo ne kawai dishi-dishi.

Tsohon ya matso, ya ƙura wa sabuwa ido a karo na farko. "Ƙaya ce? Shekara ashirin wurin nan yana kashe ni. Mamarka ta ce tabon gilashi ne."



"Da kuka watse, gida ya yi mana yawa," in ji shi. "Hannu na biyun nata ne. Ta fi ni iyawa, amma kada ka faɗa a coci."

Ɗan ya dubi maɓallan da suka suɗe a hannunsa.

Ran Asabar motar kasuwa ta zo ta yi oda a ƙofar gida. Tsohon na zaune a falo, adakarsa a buɗe a ɗakin baya. Ya ce, "Je ka ba direba haƙuri. Ba zan bar injiniya guda a rami na huɗu ba, a ce ban yi tarbiyya ba."

Da yamma ɗan ya kawo masa kujera tsakar gida, ya ce, "Baba, rijiyar nan, a ina ka ce?"

Ma'anar misalin nan ba ta da nisa, 'yan'uwa. Gem ɗin shi ne rayuwar da Ubangiji ya ba gida ɗaya, ko ikilisiya ɗaya. Mai doro ita ce dattawanmu. Hotonsu ba ya burge baƙo, wani lokaci ma sai an ɗan buga gefe kafin magana ta fito, amma sukan ga bakin rami a kan lokaci, don sun sha faɗawa. Sabuwa kuwa mu ne da muka yi boko. Muna gani tar, muna iya bayani, sai dai kafin mu gama gyara batun a kira kwamiti, ƙafa ta riga ta zame.

Kada kuma tsofaffi su tafi gida suna murna. Baba ya yi shekara ashirin yana kiran ƙaya tabo. Ba kowace furfura ce annabci ba, kuma wanda ya kulle kansa a ɗakin baya yana fushi, ba wanda zai ji shi in ya ce tsallake. An ba mu idon juna ne don ba wanda aka ba duka.

Amma babban abin shi ne wannan. Girmama iyaye ba ya ƙarewa a kwanon tuwo da ƙwayar magani. Tsoho ba ya barin gida don yunwa, yakan bar shi ne ran da ya gane ba wanda zai tambaye shi komai. Duk wanda yake da mai doro a ɗakin baya, ya je yau bayan sujada, ya kai masa tambaya, ta gaske, ya kuma zauna har a gama amsa. Wanda ya koyi dannawa don muryar ubansa alhali idonsa na cewa tukuna, ba zai sha wuya ba ran da Uba na sama ya ce masa tsallake. Bangaskiya ke nan, ba wani abu ba.

Liyatu ta ɗinka wa mai doro mayafi mai leshi, tana nan a falo. Rijiya ta yi ruwa. Gem kuwa kullum in an gama wasa Baba ne yake naɗe wayoyin ya mayar adakarsa. Ya ce har yanzu ba a kawo masa sakamako ba.