Tafin Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce wai ita Tasalla, daga nesa aka auro ta, gidan mijinta can ƙarshen gari. Ba ta da uwa a nan, ba ta da ƙanwa, sai turminta. A garin kuwa mata ba sa leƙa juna da safe, ƙarar taɓarya ce gaisuwarsu. In an ji dakanki, an san kin tashi lafiya. Ita Tasalla in ta buga sau uku sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe.

Mijinta Jatau a waje baki har kunne, a gida kuwa hannu ne ke magana. Rannan tuwo ya yi gudaji, ya hau ta da duka har ya karya mata hannu, ya kulle ta a ɗaki. Sai tsoro ya kama shi, don in ba a ji daka ba za a zo tambaya. Ya nemo Gizo.

"Gizo, kullum da safe ka zo ka yi daka a turmin nan, ƙwaryar fura taka ce."

Kun san Gizo da tsamin baki. Ya ce, "Fuya? Ina yuwana da mai kuka! Miƙo taɓayya."

Gari ya waye, Gizo na daka. Kurciya ta sauka a taga. Tasalla ta ce, "Kurciya, ki gaya wa mutane ba ni ke daka ba." Kurciya ta ce, "Tsakanin miji da mata sai Allah. Ki yi haƙuri." Ta tashi fir.

Kashegari ga Ƙadangare. "Ƙadangare, ka gaya wa mutane ba ni ke daka ba." Ya gyaɗa kai, ya gyaɗa kai, kamar abin kirki. Har yau gyaɗa kan yake, bai gaya wa kowa ba.

Rana ta uku Akuya ta leƙo. "Akuya, ki gaya wa mutane." Ta ce, "Ni da ake jifa kullum, wa ya tsaya mini? Ki saba kawai."

Daga nan Tasalla ta daina kira. Ta jingina da bango tana kallon hasken taga yana tafiya a ƙasa har ya ɓace. Wallahi jikokina, karayar ba ta yi mata ciwo kamar jin turminta yana gaya wa gari lafiyarta lau ba.

To akwai wata tsohuwa mai ƙosai, Marka. Rana ta huɗu ta ajiye matsami ta ce, "Ku tsaya. Kwana huɗu ina jin daka a gidan Tasalla, ban ji tafi ba."

Mata suka ce, "Ke Marka da neman magana! Ina ruwanki da gidan mutane?"

Ta ce, "Taɓarya kowa na ɗauka. Tafin nan mutum ɗaya ke yin sa."

Ta ɗau sandarta ta kama hanya. Kunya ta kama matan, suka bi ta da taɓarensu. Suna shiga sai ga Gizo yana daka turmi ba ko tsaba, gumi sharkaf. Ya yar da taɓarya ya haye kusurwar rufi, can yake har gobe.

Jatau ya tare ƙofar ɗakin. "Gidana ne, matata ce!"

Marka ta ce, "Gidanka ne. Hannun nan kuwa ba kai ka halicce shi ba. Matsa!"

Taɓare goma suka ɓalle ƙofar. Alƙali ya raba auren, ya hukunta Jatau, Tasalla ta koma gidan Marka. Amma an makara zuwa wurin mai ɗori, hannun ya warke a karkace. Ba ta sake cilla taɓarya ba.

Tun daga ranar, in matan garin na daka, sai su buga uku su tsaya cik, daidai wurin da tafin yake. Tasalla na zaune a gefe tana jin shirun.

Don haka duka ba tarbiyya ba ce, zalunci ne. In kun ji maƙwabciya ta yi shiru, kada ku jira kwana huɗu.

Ƙungurus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, shi ma kun ga inda tasa ta kai shi.