Harshen Ɗangoje

A zamanin da, zamanin da masu ba da labari irinmu ke da daraja, ba yanzu da ake ce mana masu ƙarin gishiri ba, an yi wani sarki da wani fatake ya sayar wa garin toka a kan maganin furfura. Da gemun sarki ya ƙara fari, sai ya fusata, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya yi ƙarya a fada, a yanke masa harshe.

Fada ta yi tsit. Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne Ɗangoje maroƙin sarki, wanda ba shi da gona, ba shi da jari, sai harshen nan.

Waziri Salmanu, da ya daɗe yana jin haushin rigunan da ake ba maroƙi, ya faɗi gaban sarki ya ce jiya da kunnensa ya ji Ɗangoje ya kira sarki zaki. Aka kawo Ɗangoje. Wanzami na gefe yana wasa aska a kan fata.

Sarki ya ce, "Ɗangoje, ni zaki ne?"

In ya ce i, ƙarya. In ya ce a'a, ya amsa laifi. Gumi ya jiƙa rigar alfarmar da yake taƙama da ita. Sai ya ce:

"Allah ya ja zamaninka, a tambayi jama'a. Da na ce ga zaki ya fito, wa ya gudu?"

Aka tambaya. Ko akuya ba ta gudu ba.

Ɗangoje ya ce, "To, tawa ƙaryar ba ta yaudari kowa ba. Amma ranar da fataken nan ya rantse a kan tokarsa, wa ya ce gaskiya ne har sau uku, alhali ya san toka ce?"

Sarki ya juya a hankali ya dubi Waziri. Waziri, da bakinsa ya saba da gaskata kowace magana, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya..." sai ya kama baki.

Aka warware rawaninsa nan take, aka bar masa harshen don ya riƙa tuna abin da ya yi da shi. Sarki ya gyara doka ta tsaya kan ƙaryar da ke cutar wanda ya yarda da ita. Sa'an nan ya gyara zama, ya shafa farin gemunsa, ya dubi maroƙi.

"Ɗangoje, jiya a kan zakin ka tsaya. Ci gaba."