Ina Inna Take Zuwa da Hantsi?

Akwai wani akanta da ya daɗe yana haya a tsakiyar birni, a wani bene mai kallon babban titi. Da haya ta yi tsada, iyali kuma suka ƙaru, sai ya tattara ya koma wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda kwalta ta ƙare, motar haya ma nan take juyawa.

Gidajen unguwar masu rahusa ne, kamfani ɗaya ya gina su. Fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, har famfon tsakar gida a kusurwa ɗaya yake. A farkon zuwansu, shi kansa akanta ya sha zura makullinsa a ƙofar maƙwabci.

Bai taɓa ɗaukar wurin a matsayin gida ba. Kullum cewa yake yi wa matarsa, "Zaman wucin gadi ne. Kada ki saba da kowa."

Da sassafe yake fita, gilashin mota a rufe. In an ɗaga masa hannu sai ya yi kamar yana gyara madubi. Da yake ba wanda ya san sunansa, mutanen layin suka sa masa Mai Farar Mota.

A gidan akwai matarsa mai goyo, da mahaifiyarsa, Inna, wadda tsufa ya fara taɓa mata tunani. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Takan tambayi mijinta da ya daɗe da rasuwa. Wannan ciwo shi ne abin da akanta ba ya so kowa ya sani.

Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da Inna da sabon kitso, ƙanana, tsaf. Ya san matarsa ba ta iya irinsa ba. Washegari ya ga an ɗinke bakin mayafinta da ya yage. Bayan kwana biyu ya tsinci zanen yara a ƙarƙashin matashinta: gida, rana, da wata tsohuwa mai sanda.

Ya ce, "Wai wa yake yi wa Inna duk wannan?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Maigida, Inna tana ɗan fita da hantsi."

"Fita? Ita kaɗai?"

"Na gwada rufe ƙofa. Ta zauna a gindinta tana kuka har azahar, ta ƙi ci ta ƙi sha. Da na buɗe ta fita, sai ga ta ta dawo da fara'arta."

Ya so ya yi faɗa, amma mamaki ya fi ƙarfin fushin. Matar da take mance hanyar banɗaki a cikin gida, ina take zuwa a unguwar da kowane gida ya yi kama da ɗan'uwansa? Kuma yaya take dawowa?

Ya sayo ƙaton kwaɗo ya ajiye a mota. Amma kafin ya ɗaura shi, ya ce sai ya gani da idonsa. Ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya zauna a falo yana jira.

Hantsi na yi, Inna ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta ta fita. Ya ba ta 'yar tazara ya bi bayanta.

Ba ta yi nisa ba ta tura ƙofar wani gida ta shige, ba ko sallama. Akanta ya matsa kusa. Ya leƙa ta gefen ƙofar.

Gidan wata tela ne, keken ɗinkinta na baranda. Inna ta nufi famfo kai tsaye, ta kashe shi, ta juyo tana faɗa: "Kullum sai kun bar ruwa yana zuba! Gidan nan ba mai ji."

Tela ta ce, "Yi haƙuri Inna, ba za a sake ba. Ga shayinki nan."

Yara biyu suka zo suka zauna a gefenta. Ta sha shayi, ta kira su da sunayen da ba nasu ba, suka amsa. Akanta ya gane sunayen: nasa ne da na ƙanwarsa.

Daga nan ta shiga gidan wani malamin makaranta mai ritaya. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da yake a share, shi kuwa yana ɗaga ƙafa yana cewa, "Sannu da aiki, Yaya." A gida na gaba wata matashiya ta miƙa mata jariri, ta yi masa rawa a cinya har ya yi barci.

Akanta na tsaye a bayan wata bishiya da aka dasa kwanan nan, wadda ko inuwar kansa ba ta rufe ba. Sai ya ji murya a bayansa.

"Mai Farar Mota, yau ba aiki?"

Tela ce, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Kunya ta kama shi. Ya ce, "Ku yi haƙuri da abin da take yi muku. Daga yau zan sa kwaɗo."

"Kwaɗo kuma? Laifin me ta yi?"

"Tana shigar muku gida."

Tela ta yi dariya. "Ai ita a wurinta gidanta take shiga. Ranar farko na tsorata, na zaci wata ce ta ɓata. Da ta fara yi mini faɗan famfo sai na ji kamar uwata ce ta dawo duniya. Nan layin duk baƙi ne, kowa ya baro iyayensa nesa. Mu ba mu da tsohuwa sai taka."

Kafin ya ba ta amsa, ya hango Inna ta miƙe ta nufi ƙarshen layi. Can kuwa babbar hanya ce, inda manyan motocin yashi suke wucewa a guje. Ya zabura zai ruga.

Tela ta ce, "Bi a hankali, kada ka firgita ta. Akwai mai tare ta."

Bai saurare ta ba, ya sheƙa. Amma kafin ya isa, wani mai faci da ke da rumfa a bakin hanyar ya riga ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya tsaya a gabanta yana goge hannu.

"Inna, barka da hantsi. Tasha za ki?"

"Maigidana zan taro. Yau zai dawo."

"Ai motarsu ba ta iso ba tukuna. Zauna nan, in ta zo zan gaya miki."

Ya jawo mata benci. Ta zauna tana kallon hanya, hankalinta kwance.

Akanta ya iso yana haki. Ya san mai facin nan. Ranar da suka tare, shi ne wanda ya daka wa tsawa don ya jingina taya kusa da motarsa.

Inna ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. Babu alamar ta gane shi. Ta ce, "Kai kuma ɗan gidan wane ne, da za ka zo ka tsaya wa mutane a ka ba gaisuwa?"

Mai faci ya kau da kai, kamar yana neman wani abu a akwatin kayansa.

Akanta ya durƙusa a kan ƙasar, wandonsa mai guga ya sha baƙin mai. Ya ce, "Ina kwana, Inna." Sannan ya juya ga mai faci. "Ina kwana, malam. Kullum kake yin haka?"

"Wani lokaci ni, wani lokaci mai shagon can. Duk wanda ya fara ganinta. In ta huta, matata ta raka ta gida."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

Mai faci ya yi murmushi. "Ai gilashin a rufe yake, ranka ya daɗe."

Ranar shi ya riƙe hannun Inna suka koma gida. A hanya tana ta nuna masa gidaje tana cewa, "Nan ma namu ne. Can ma namu ne." Bai musa mata ko ɗaya ba.

Da yamma ya yi wanka, ya ce wa matarsa ta ɗauko goyo su zaga maƙwabta. Gidan tela suka fara. Ya ƙwanƙwasa, wata ƙaramar yarinya ta buɗe, ta ƙare masa kallo, sannan ta juya ciki da gudu tana ihu:

"Umma! Umma! Ɗan kakarmu ne ya zo!"

Darasi: Kada ka auna unguwa da arhar gidajenta, ka auna ta da mutanen da ke cikinta. Maƙwabcin da kake wucewa ba gaisuwa, wataƙila shi yake tsare maka abin da ka fi so a duniya alhali ba ka sani ba. Ka sauke gilashi, ka yi sallama, ka san na kusa da kai tun kafin buƙata ta taso. Ku tura wa maƙwabtanku wannan labari, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.